Daga Norfolk zuwa Miami ta bayan tsibirai

Duk wanda ya ƙura wa taswirar gabashin Amurka ido zai lura cewa a mafi yawan wurare ƙasar ba ta haɗu da Tekun Atlantika kai tsaye ba. Tsakanin tudu da teku akwai jerin siraran tsibirai na yashi, a bayansu kuma akwai tafkuna masu ruwan gishiri, da bakunan koguna, da fadamu, da ƙoramu masu yawan lanƙwasa. Waɗannan ruwaye ne aka bi aka haɗe su da juna ta hanyar haƙa, har suka zama hanya guda wadda jirgi zai iya bi daga birnin Norfolk na jihar Virginia zuwa Miami a jihar Florida, tafiyar mil 1,090 ko kusa da haka, wato kimanin kilomita 1,750, ba tare da ya leƙa buɗaɗɗen teku ba. Sunanta Intracoastal Waterway. Na bi ta a lokacin kaka, cikin ƙaramin jirgi mai filafilai da injin dizal, a matsayin mataimaki ga wani dattijo wanda ya daɗe yana zirga-zirga a kanta. Matuƙa da yawa suna ɗaukar ta a matsayin rariyar da ake bi a tsere wa sanyin arewa, burinsu kawai su ga sun isa Florida. Ni kuwa abin da na gani shi ne hanya ce da hannun mutane ya gina, wadda ruwa ke ƙoƙarin cikewa da laka kullum, kuma ba ta bayyana kanta sai ga wanda ya yarda ya bi lokacin da ruwan ya tsara masa.

Tunanin gina ta ya girmi jirgin ƙasa a Amurka. A shekarar 1808 sakataren baitulmalin ƙasar, Albert Gallatin, ya gabatar wa majalisar dattawa rahoto inda ya ba da shawarar a yanke wasu wuyoyin ƙasa guda huɗu, domin jiragen ruwa su riƙa tafiya daga arewa zuwa kudu ta cikin gida. Dalilin bai ɓoyu ba ga wanda ya san wannan gaɓa. A daura da Cape Hatteras, a jihar Carolina ta Arewa, tuddan yashi sun miƙe cikin teku, a wurin da ruwan ɗumi mai gangarowa daga kudu ke karo da ruwan sanyi na arewa, kuma jiragen da suka nutse a nan sun yi yawan da ya sa ake kiran wurin makabartar Atlantika. A shekarar 1942, lokacin da jiragen yaƙin Jamus masu tafiya a ƙarƙashin ruwa suka riƙa nutsar da jiragen dakon kaya a gaban wannan gaɓa, amfanin hanyar cikin gida ya ƙara fitowa fili. A yau sashen injiniyoyi na rundunar sojan Amurka ne ke kula da ita.

Ana fara ƙidayar mil daga kogin Elizabeth, tsakanin Norfolk da Portsmouth, bayan an wuce sansanin sojan ruwa mafi girma a duniya, inda ƙaramin jirgi irin namu ke ratsawa ta gefen manyan jiragen yaƙi yana kiyaye nisan da doka ta gindaya. Ba a yi nisa ba hanya ta rabu biyu. Ta hagu, wadda ke bi ta Great Bridge da Coinjock, ta fi zurfi da sauri, kuma ita ce jiragen kaya da manyan jiragen shaƙatawa ke bi. Ta dama ita ce tsohuwar hanyar da aka haƙa ta gefen fadamar Dismal, wadda ba ta karɓar jirgin da ƙasansa ya nitse fiye da ƙafa shida. Ita muka bi, kuma har yanzu ina ganin duk wanda jirginsa zai iya shiga bai kamata ya kauce mata ba. A Deep Creek ake shigar da jirgi cikin wani ɗakin ruwa mai ƙofa gaba da baya, a rufe ƙofar baya, a saki ruwa a hankali har jirgin ya ɗaga sama kamar ƙafa takwas, sannan a buɗe ta gaba. Ana buɗe ƙofofin ne a wasu ƙayyadaddun lokuta kaɗan a yini, saboda haka tun daga ranar farko matafiyi ke gane cewa ba agogonsa ne ke aiki a nan ba.

Tsawon wannan haƙaƙƙiyar hanya mil 22 ne, a miƙe take sambal in ban da kwana guda, itatuwa sun yi mata rumfa ta ɓangarori biyu, ruwanta kuma baƙi ne wuluk saboda rinin da ke tsatsowa daga saiwoyi da ruɓaɓɓen ganyen fadamar. Dole ne a tafi a hankali, a kuma bar tazara mai yawa tsakanin jirgi da jirgi, domin farfelar na gaba tana tayar da gumagumai daga ƙasa su daki na baya. Wannan tafiyar hawainiya ce ta ba ni damar tunanin waɗanda suka yi aikin. An fara haƙa a 1793, aka buɗe hanyar a 1805, kuma bayi ne suka haƙa ta da hannu, waɗanda kamfanin ya yi hayarsu daga iyayen gijinsu. Moses Grandy, wanda ya yi aikin tuƙa jiragen katako a wannan ruwa yana bawa, wanda kuma sai da ya biya kuɗin fansar kansa har sau uku kafin ya sami 'yanci saboda an ha'ince shi a biyun farko, ya ba da labarin rayuwarsa wanda aka buga a 1843. A ciki ya bayyana yadda ma'aikatan ke tsayawa cikin laka da ruwa har ƙugu ko fiye, suna sarar saiwoyi suna kwashe taɓo. A cikin wannan fadama kuma, can inda farauta ba ta kaiwa, bayin da suka gudu suka kafa matsuguni a kan 'yan tuddai, wasu suka haihu suka tsufa a can. Wanda ya wuce nan da gudu ba zai ga komai ba sai itace da ruwa. Wanda ya tafi sannu zai ga cewa ruwa ba ya miƙewa haka da kansa, kuma kowace ƙafa ta wannan miƙewar da jikin wani aka saye ta.

Bayan South Mills, inda ake sauke jirgi kamar yadda aka ɗaga shi, kogin Pasquotank ke kai mutum garin Elizabeth City, daga nan sai faffaɗan ruwan Albemarle. A taswira ba wani abin tsoro ba ne, tsallakawar 'yan sa'o'i ce, amma rashin zurfinsa ne matsalarsa, domin idan iska ta yi ƙarfi igiyar ruwa kan taso gajera, a tsaye, ɗaya na bin ɗaya kusa da kusa, ta riƙa dukan goshin jirgi ba hutu. A can gaba kuma akwai gadar kogin Alligator mai juyawa, wadda ba a buɗe ta idan iska ta wuce kima. Mun zauna a Elizabeth City muna jira har iskar ta faɗi. Da na nuna ƙaguwa, dattijon ya ce mini, "Yaro, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ruwan nan yana nan gobe." A wannan yanki cikowar teku da janyewarsa kusan ba su da tasiri, domin tsibiran waje sun tare shi. Iska ce ke tura ruwa gefe guda, ta ƙara zurfi a nan ta rage a can, saboda haka hasashen yanayi ne littafin da ake karantawa kowace safiya.

Yini a wannan tafiya yana da tsari wanda ba ya canzawa sosai. Ana ɗaga anga da ketowar alfijir, bayan an duba man inji da matacin ruwan da ke sanyaya shi. Jirgi mai filafilai da ke tafiya da inji ba ya wuce kilomita tara zuwa goma sha ɗaya a sa'a, kuma tun da ranakun kaka gajeru ne, mil hamsin a yini tafiya ce mai kyau. Ba a tafiyar dare, domin alamomin hanya da yawa ba su da fitila. Filafilan ma ba kasafai ake buɗe su ba sai a faffaɗan ruwa irin na kogin Neuse, domin hanyar ta yi ƙunci. Idon matuƙi yana yawo ne tsakanin abu uku, wato alamar da ke gaba, da wadda aka baro a baya, da na'urar auna zurfi. Waiwayen nan yana da muhimmanci, domin ruwa mai gudu daga gefe yana iya zame da jirgi daga tsakiyar hanya alhali goshinsa na kallon inda ya dace. Alamomin turaku ne da aka kafa cikin ruwa, jajaye masu kusurwa uku da lamba mai rabuwa biyu daidai, da koraye masu kusurwa huɗu. Mai tafiya kudu yana barin ja a damansa. Sai dai inda hanyar ta shiga babban kogi mai nasa tsarin, kamar kogin Cape Fear, launukan kan juya, kuma abin da ke ceton mutum a nan shi ne ɗan ƙaramin tambari ruwan ɗorawa da ke manne a jikin alamar, mai kusurwa uku a bar shi a dama, mai kusurwa huɗu a bar shi a hagu, kowane irin launi turken yake da shi.

A rubuce, zurfin hanyar ƙafa 12 ne daga Norfolk zuwa Fort Pierce, ƙafa 10 daga nan zuwa Miami. A zahiri kuwa zurfin ya dogara ne ga lokacin da aka yashe wurin na ƙarshe. Duk inda aka sami kafa tsakanin tsibirai biyu wadda teku ke shigowa ta cikinta, ruwan kan kwaso yashi ya zube shi daidai inda ya haɗu da hanyar, kuma wurare irin su Lockwoods Folly da Shallotte sun yi suna a kan haka. Akan yashe su, bayan ɗan lokaci su sake cikewa, masu tsaron gaɓa kuma su riƙa matsar da alamomi masu iyo zuwa inda zurfin ya koma. A taswirar hukuma akwai wani layi mai launin shunayya da ke nuna hanyar, kuma na ga matuƙan da suka kafe idonsu a kan allon na'ura suna bin wannan layi sau da ƙafa, alhali alamar da ke gabansu a cikin ruwa tana faɗa musu wani abu dabam. Hukumar da ke buga taswirar da kanta ta yi gargaɗin cewa layin shawara ce kawai. Na tsaya a kan wannan batu ne domin a nan ake gane halin hanyar. Ba a gama gina ta ba, ba kuma za a taɓa gamawa ba, kuma ranar da aka daina ware kuɗin yasa, cikin 'yan shekaru za ta koma guntayen ruwayen da ba su haɗu ba.

Gadoji kuma suna da nasu mulkin. Waɗanda ba sa buɗewa an gina yawancinsu da tsayin ƙafa 65 daga fuskar ruwa, shi ya sa mai jirgi mai doguwar sandar filafilai yake sanin tsayinta kamar sunansa. Masu buɗewa wasu suna yi ne idan an nema, wasu a kan sa'a ko rabin sa'a, wasu kuma ba sa motsi sam a lokacin da ma'aikata ke tafiya aiki ko komawa gida. Ana kiran mai gadin gada ta oba-oba, a tasha ta 13 a Virginia da Carolina ta Arewa, a tasha ta 9 daga Carolina ta Kudu zuwa Florida, a faɗi sunan jirgi da inda aka dosa, a yi godiya bayan an wuce. Lissafin da ake yi kullum shi ne na gudun da zai kai jirgi gada ta gaba daidai lokacin buɗewa, domin isa da wuri yana nufin shawagi a ƙuntataccen wuri, ruwa na tura ka zuwa ga ƙarfen da bai buɗe ba. Akwai kuma ladabin wucewa, wanda na ƙaunace shi ƙwarai. Jirgi mai sauri kan kira na gabansa ya nemi izini, na gaban ya rage gudu sosai, na bayan shi ma ya rage ya wuce a hankali don kada igiyar ruwansa ta kifar da tukunyar da ke kan wuta a ɗaya jirgin. Ba kowa ke kiyaye wannan ba, amma masu kiyayewa sun fi yawa.

Akwai wurin da hanyar ta ratsa filin atisayen sojoji na Camp Lejeune, inda akan rufe ta idan ana harbi, akwai kuma wani matsatsi kusa da Myrtle Beach da aka fasa cikin dutse, wanda ake sanarwa ta oba-oba kafin a shiga don kada a yi kiciɓis da jirgin kaya a inda ba wurin kaucewa. Bayan su ne ake faɗawa kogin Waccamaw, wanda a wurina babu kamarsa a dukan tafiyar. Manyan itatuwa ne tsaye da ƙafafunsu cikin ruwa, kunkuru na shan hantsi a kan gungume, kada na kwance a gefe. Da aka matso garin Georgetown sai dajin ya buɗe, fadama ta shimfiɗu iyakar gani, da tsofaffin magudanai a miƙe a cikinta. Gonakin shinkafa ne na da. A wajajen 1840 wannan yanki kaɗai yana noma kusan rabin shinkafar Amurka, kuma dabarar noman ta dogara ne ga cikowar teku, wadda ke tura ruwan daɗi na kogi ya koma sama, a buɗe ƙofofin katako ya shiga gona, a rufe, a sake buɗewa idan ana son ya fita lokacin janyewa. Waɗanda suka sare dajin suka ɗaga gaɓoɓin bayi ne, da yawansu daga yankunan Afirka ta Yamma masu noman shinkafa kamar Senegambiya da Saliyo, kuma masu gonakin suna neman mutanen waɗannan wurare musamman saboda ilimin da suka zo da shi. Jikokinsu, waɗanda ake kira Gullah Geechee, suna nan a wannan gaɓa har yau. Gab da shiga tashar Charleston hanyar tana bi ta bayan tsibirin Sullivan, inda ake killace waɗanda aka sauke daga jiragen bayi, kuma an ƙiyasta cewa kusan kashi 40 cikin ɗari na 'yan Afirkan da aka kawo Amurka ta Arewa cikin sarƙa ta Charleston suka shigo. Ina riƙe da sitiyari lokacin da muka wuce wurin, ban kuma iya cewa komai ba.

A jihar Georgia ne watan sama ke karɓar ragamar tafiya baki ɗaya. Teku kan ciko sau biyu ya janye sau biyu cikin sa'a 24 da minti 50, saboda haka kowace rana lokacin cikar yana jinkirta da kusan minti hamsin. A nan bambancin cika da janyewa yakan kai ƙafa bakwai ko takwas, ya zarce haka a kwanakin tsayuwar wata da na cikarsa, lokacin da ƙarfin da rana da wata ke jan ruwan teku da shi ya haɗu a layi ɗaya. Ruwan kuma ba ya hawa daidai wa daida. Idan aka kasa hawan gida goma sha biyu, kashi ɗaya ke zuwa a sa'ar farko, biyu a ta biyu, uku-uku a ta uku da ta huɗu, sannan biyu, sannan ɗaya, wato rabin ruwan gaba ɗaya yana shigowa ne cikin sa'o'i biyun tsakiya. Da wannan lissafi ake tunkarar wurare marasa zurfi irin su Hell Gate, da kogin Little Mud, da ƙoramar Jekyll. Ƙa'idar dattijon ita ce a shiga irin waɗannan wurare ruwa na kan hawa, bayan ya wuce rabi, domin idan jirgi ya taɓa ƙasa ruwan da ke zuwa zai ɗaga shi, alhali wanda ya kafe ruwa na janyewa zai kwana a karkace cikin laka. Wannan yana nufin wata rana a tashi da asuba, wata rana a zauna har azahar ana jira. Matuƙa da yawa sukan gaji da wannan, su fita teku su tsallake Georgia a dare ɗaya. Ina fahimtar dalilinsu, amma ina ganin sun yi asara, domin babu inda ya kai nan yalwar fadama, ciyawa ta koma ruwan zinariya a kaka, zalɓe da kwasakwasa na kiwo a bakin laka, dolfin na bin gefen jirgi har cikin ƙananan ƙoramu.

Kwana a kan anga a irin wannan ruwa shi ma sai da lissafi. Tsawon sarƙar da ake saki ya kamata ya ninka zurfin ruwa sau biyar zuwa bakwai, kuma zurfin da ake lissafi da shi shi ne na lokacin cika, a haɗa da tsayin goshin jirgi. Wurin da ke da ƙafa goma da magariba zai iya zama ƙafa goma sha takwas da tsakar dare. Ruwan kuma yana juya akalarsa kusan kowace sa'a shida, jirgin ya kewaya angarsa ya fuskanci inda ya ba baya, kuma a daidai wannan juyi ne anga kan tumɓuke idan ba ta kama da kyau ba. Jikin mutum yakan koyi farkawa da kansa a wannan lokaci, ya leƙa waje ya gwada matsayin jirgin da wata fitila ko itace a tudu, sannan ya koma ya kwanta. Sauran rayuwar cikin jirgi tattali ce, na ruwan sha, da wutar batir, da dizal, da kuma na magana, domin mutum biyu a ɗaki mai faɗin taku kaɗan tsawon makonni dole su san lokacin da kowannensu ke bukatar a ƙyale shi.

Daga tsibirin Cumberland, inda dawakin da ba su da mai su ke kiwo a bakin ruwa, ake shiga Florida. St. Augustine, wanda Sifaniyawa suka kafa a 1565, ya cancanci a tsaya a zaga shi da ƙafa. A tafkin Mosquito da mashigin Haulover, kusa da inda ake harba kumbo a Cape Canaveral, ayu na da yawa, kuma doka ta tilasta rage gudu a wurare da dama saboda farfela na yanka bayansu. A kogin Indian cikowar teku ta kusa ɓacewa, hanyar ta miƙe, tafiyar ta yi sauƙi. Daga Palm Beach zuwa kudu kuwa gaɓoɓin sun zama bangon siminti, gidaje sun jeru ba tazara, igiyar ruwan jiragen gudu tana dukan bango ta dawo, gadoji masu buɗewa kuma suna biye da juna kusa da kusa, har yini kan ƙare cikin kallon agogo. Gab da Miami akwai gadar Julia Tuttle, wadda ba ta buɗewa, tsayinta kuma ƙafa 56 ne kawai, saboda haka duk jirgin da sandarsa ta fi haka dole ya fita teku ta Fort Lauderdale ya ƙarasa ta waje. Tamu ta shige da 'yar tazara. Idan Allah ya sa na sake bin wannan hanya, zan rage kwanakin kudancin Florida in ƙara su a kan abin da ke tsakanin kogin Waccamaw da tsibirin Cumberland, kuma zan duba kwanan wata tun kafin in bar Norfolk, domin in isa Georgia a makon da ruwa ke cika da tsakar rana.